Bill O'Herlihy da Shekara 40 na Gardamar Ƙwallo a Talabijin ɗin Ayalan

A watan Nuwamba na 1969 gidan talabijin na ƙasar Ayalan, RTÉ, ya nuna wani shiri da ƙurarsa ta kai har zauren majalisar dokoki. Sunan shirin 7 Days, na siyasa da al'amuran yau da kullum, kuma batun wannan daren shi ne masu ba da bashi da ruwa ba tare da lasisi ba a unguwannin talakawan Dublin. Sana'a ce da kowa ya san da ita, amma ba mai faɗa. Mai bashi yakan riƙe littafin da uwa ke karɓar kuɗin tallafin 'ya'yanta da shi a matsayin jingina, ranar biya ya cire nasa tukuna, abin da ya ragu shi ne na cefane. Ma'aikatan shirin sun ɓoye kyamara da makirufo, dabarar da ba a saba da ita ba a ƙasar a lokacin, suka kuma yi zargin cewa ana razana waɗanda suka kasa biya, hukuma kuwa ta zuba ido. Wakilin da ya tsaya gaban kyamara yana bayani wani ɗan birnin Cork ne mai shekara 31, Bill O'Herlihy.

Gwamnatin Jack Lynch ta jam'iyyar Fianna Fáil ta harzuƙa. Ministan shari'a, Mícheál Ó Móráin, ya miƙe a majalisa ya ƙaryata shirin, daga nan aka kafa kotun bincike ta alƙalai. Aikin da aka ɗora wa kotun shi ne ta binciki yadda aka haɗa shirin da gaskiyar abin da aka nuna. Ta haka masu cin ruwan bashi suka koma gefe suna kallo, 'yan jarida suka hau kujerar amsa tambaya. An kwashe sama da kwana 50 ana zama a 1970, kuma rahoton da ya fito ya ce shirin ya zuzuta girman matsalar, wasu zarge-zargensa kuma ba su da isasshiyar hujja. O'Herlihy bai rasa abincinsa ba, amma ƙofar aikin jarida na siyasa ta rufe masa a RTÉ. Ya koma sashen wasanni, wurin da ba a zaton mutum zai jawo wa gwamnati ciwon kai. Can ya zauna sama da shekara 40, ya gabatar da gasar cin kofin duniya 10 da wasannin Olamfik 10. Wanda duk ke son ya san dalilin da ya sa sharhin ƙwallo a talabijin ɗin Ayalan ya fita daban da na maƙwabciyarta Ingila, daga wannan kotu zai fara bin sawu, domin mutumin da aka tura wasanni ya tafi da tambayoyinsa a aljihu.

An haife shi ranar 26 ga Satumba 1938 a unguwar Glasheen ta Cork. Jarida gado ce a gidansu. Kakansa editan labarai ne a Cork Examiner, shi ma yana ɗan shekara 16 ya shiga jaridar, ya yi shekaru yana gyaran labari a Evening Echo, wadda kamfanin ke bugawa da yamma. Talabijin ta zo Ayalan a makare, ranar 31 ga Disamba 1961, wato sama da shekara biyu bayan Ibadan ta buɗe tata, watanni kaɗan kafin ta Kaduna. Tun a jawabin buɗewa shugaban ƙasa Éamon de Valera ya nuna fargabarsa, ya kwatanta ƙarfinta da na makamashin nukiliya, mai gyara mai ɓarna. A 1966 firaminista Seán Lemass ya faɗa a majalisa cewa RTÉ makami ne na aiwatar da manufar gwamnati. A 1968 wata tawagar 7 Days ta kama hanyar Biyafara don ɗauko rahoton yaƙin basasar Nijeriya, inda limaman mishan 'yan Ayalan ke da yawa, sai shugabannin gidan suka ce ta juyo. Saboda haka rikicin 1969 ba daga sama ya faɗo ba. An daɗe ana 'yar tsama tsakanin shirin da masu mulki, batun bashi ya zamo musu hanyar hucewa.

Shi O'Herlihy ya fara leƙa allon talabijin ne a 1965, da rahoton cikar shekara 50 da nutsewar jirgin ruwan Lusitania, wanda jirgin yaƙin Jamus ya harba a gaɓar Cork a 1915, mutum kusan 1,200 suka mutu. Frank Hall mai shirin Newsbeat ya ga yaron zai yi, ya riƙa ba shi aiki daga kudancin ƙasar, har aka kira shi Dublin. Karin harshen mutanen Cork, mai hawa da sauka, bai taɓa barin bakinsa ba har ya mutu.

Sashen wasannin da ya tarar yana hannun Michael O'Hehir, muryar da duk ƙasar ta sani a rediyo ranar Lahadi, kuma O'Hehir bai karɓi baƙon hannu bibbiyu ba. A wancan zamani idan an ce wasa a Ayalan, ana nufin ƙwallon Gaelic da hurling, wanda ake bugawa da sanda mai faɗin baki, duka biyun a ƙarƙashin ƙungiyar GAA. Ƙwallon ƙafa kuwa kallon wasan 'yan mulkin mallaka ake yi mata. Har zuwa 1971 dokar GAA ta haramta wa mambobinta bugawa ko ma zuwa kallon ƙwallon ƙafa da zari-ruga da kurket. A shekarar da aka haifi O'Herlihy, ƙungiyar ta cire shugaban ƙasa Douglas Hyde daga jerin iyayenta saboda ya je filin Dalymount kallon Ayalan da Polan. Ƙasar da ta yi wa shugabanta haka, ita ce bayan shekara 52 ta rufe shaguna da ofisoshi don kallon fenariti.

Babban aikinsa na farko shi ne Olamfik ɗin Munich na 1972. Ranar 5 ga Satumba 'yan ƙungiyar Black September suka kutsa masaukin 'yan wasan Isra'ila, aka ƙare da mutuwar 11 daga cikin tawagar. Shirin guje-guje da tsalle-tsalle ya rikiɗe ya koma labarin garkuwa da mutane da siyasar Gabas ta Tsakiya, kuma a kujerar gabatarwa akwai mutumin da wannan ce ainihin sana'arsa. Daga nan aka daina yi masa kallon ɗan karo. Yana cikin waɗanda suka gabatar da The Sunday Game a shekararsa ta farko, 1979, shi ne kuma ya gabatar da gasar kofin duniya ta zari-ruga ta farko a 1987. Amma sunansa da ƙwallon ƙafa ya tafi.

Zaunar da tsofaffin 'yan wasa a gaban kyamara su yi musu ba ƙirƙirar RTÉ ba ce. Tashar ITV ta Ingila ce ta fara a gasar kofin duniya ta 1970, da su Malcolm Allison da Derek Dougan da Pat Crerand, kuma ya karɓu ƙwarai. Sai dai a hankali tashoshin Ingila suka lafa, sharhi ya koma yabon aboki da kare ɗan'uwa, kowa yana tsoron ya ɓata wa kocin da zai haɗu da shi gobe a wurin cin abinci. RTÉ kuwa tana da matsala ta daban. Mutanen Dublin da gabashin ƙasar suna kama BBC da ITV a gidajensu, wasa ɗaya ne, hoto ɗaya ne, kuma kuɗin Ingila ya ninka na Dublin ba adadi. Ƙaramar tasha ba ta da abin da za ta riƙe mai kallo da shi sai maganar da za a yi kafin wasa, da hutun rabin lokaci, da bayan an tashi.

A gasar 1978 ta Ajantina aka kawo Eamon Dunphy. Ɗan Dublin ne da ya je Manchester United yana yaro bai samu shiga ba, ya ƙare shekarunsa mafi yawa a Millwall, ya kuma rubuta Only a Game?, littafin da ya tona yadda rayuwar ɗan ƙwallo mai matsakaicin rabo take. Baki gare shi, ba ya kuma tauna magana. A gasar Turai ta 1984 ya nace cewa Michel Platini bai kai sahun manyan gwanaye ba, Platini kuwa ya ci 9 ya ɗaga kofi. Bayan shekaru ya yi wa Cristiano Ronaldo irin wannan hukunci, ya sake shan kunya, bai kuma daddara ba. A 1986 John Giles ya shigo, ƙwaƙwalwar tsakiyar Leeds United ta zamanin Don Revie, wanda ya riƙe tawagar Ayalan yana bugawa yana horarwa daga 1973 zuwa 1980. Giles mutum ne mai sanyin murya, abin da ke damunsa shi ne ko ɗan wasa yana neman ƙwallo lokacin da ƙungiyarsa ke cikin matsi ko yana ɓuya bayan abokin hamayya. Liam Brady ya cika su uku a 1998, tsohon tauraron Arsenal da ya ci gasar lig ta Italiya sau biyu da Juventus, mai saurin ɗaure fuska idan ya ji Dunphy ya wuce gona da iri.

Su ukun nan ne suka san ƙwallo, kuma O'Herlihy bai taɓa yi musu takara a kan haka ba. Ya sha faɗa cewa shi wakilin mai kallo ne a ɗakin, aikinsa ya yi tambayar da mutumin da ke zaune a falonsa zai yi da zai samu dama. Sauraren wannan da sauƙi, yin sa ne da wuya. Kafin shiri yakan karance jaridu, ya tsinto abin da wani koci ko marubuci ya faɗa wanda ya san zai sosa wa ɗayansu rai, ya rubuta a takarda. Idan an kunna fitila sai ya ɗaga takardar, ya karanto da fuskar marar laifi, ya jingina da kujera. In Dunphy ya ce ɗan wasa ba ya da amfani, sai ya tuna masa cewa wata uku da suka wuce shi da bakinsa ya yabe shi. In Giles ya ba da amsa mai santsi, sai ya juya ga Brady ya tambaye shi ko ya yarda, alhali ya riga ya ga a fuskarsa bai yarda ba. Sau da yawa su ukun sukan haɗu su yi masa caa, su nuna masa tambayarsa ta marar sani ce, shi kuwa ya yi dariya ya karɓa, domin a cikin gyara masa kuskuren ne mai kallo ke samun bayanin da yake nema. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo bayan an tashi wasa ya san irin mutumin nan da ba ya goyon bayan kowa, amma da tambaya ɗaya zai ingiza mai kantu ruwa, a kai tsakar dare ana musu. Bambancin kawai shi ne O'Herlihy ya san lokacin da zai yayyafa ruwa, kuma yana jin muryar furodusa a kunnensa yana ƙirga masa daƙiƙu.

A nawa ganin, wannan ƙasƙantar da kai ita ce gwanintarsa mafi girma, kuma ita ce ta fi ƙaranci a sana'ar. Mai gabatarwa yakan so a san shi ma ya sani. Ga mutumin da ya yi shekaru yana titsiye 'yan siyasa, ya yarda a riƙa yi masa kallon wanda bai fahimci dokar satar gida ba, don dai shiri ya yi armashi. RTÉ ma ta taimaka da abu ɗaya da tashoshin Ingila ke rowarsa, wato lokaci. Wasa ya ƙare, a bar mutum huɗu su yi rabin awa ko fiye suna tattaunawa, ba a katse su kowane minti biyu don nuna wani abu.

Abin da ya rage shi ne ƙasar ta samu tawagar da za a yi musu a kanta, sai ga Jack Charlton a 1986. Bature ne ɗan Ingila, yana cikin waɗanda suka ci kofin duniya a 1966, kuma abokin wasan Giles ne a Leeds. Tsarinsa ba shi da wuya: a ɗaga ƙwallo ta faɗa bayan masu tsaron baya, a bi su a takura su, kada a yi wasa da ita a tsakiya. Ya kai Ayalan babbar gasarta ta farko a 1988, inda Ray Houghton ya ci Ingila da ka a Stuttgart. A lokacin rashin aikin yi ya kai kusan kashi 17 cikin 100, matasa na ta ficewa zuwa Landan da Boston, don haka ba mai son jin sukar mutumin da ya kawo abin farin ciki. Ɗakin O'Herlihy ne wurin da ake faɗa a fili cewa tawagar da ke da Paul McGrath da Ronnie Whelan da Houghton ta fi ƙarfin irin wannan ƙwallo, kuma koci ne ya ture Brady gefe saboda ba ya son mai riƙe ƙwallo.

Abin ya fashe a Italiya a 1990. Bayan canjaras 1-1 da Ingila a Cagliari, Ayalan ta tashi ba ci da Masar a Palermo ranar 17 ga Yuni, wasan da ko masoyansa sun yarda ya gundure su. Dunphy ya jefar da alƙalaminsa a kan tebur, ya ce wasan abin kunya ne ga ƙasar da ta haifi manyan 'yan ƙwallo. Kafin gari ya waye magana ta sauya a bakin mutane, aka ce ya ce yana jin kunyar zama ɗan Ayalan. Da ya isa Italiya ya shiga taron manema labarai, Charlton ya ƙi amsa masa tambaya, ya tashi ya fice. Tawagar dai ta ci gaba da tafiyarta ta ikon Allah: 1-1 da Holan, aka jefa ƙuri'a don raba matsayi a rukuni, Holan ta faɗa hannun Jamus ta Yamma, Ayalan ta samu Romaniya. Ranar 25 ga Yuni a Genoa aka yi minti 120 ba ci. A bugun fenariti gola Packie Bonner ya kaɗe na Daniel Timofte, sai David O'Leary, mai tsaron bayan da Charlton ya yi sama da shekara biyu bai gayyace shi ba, ya zo ya ci na ƙarshe.

Da kyamara ta dawo Dublin, ga O'Herlihy, dattijo mai shekara 51, da kwat da laktaye ya ɗora wata hular wasan yara a ka, mai ƙananan hannuwa biyu da ke tafi idan an ja zare. Hoton nan har yau ana nuna shi duk lokacin da aka tuna gasar. Ya nuna ɗaya fuskar mutumin: ya bar wa masu sharhi ɗacin baki, shi kuma ya riƙe murnar mai kallo, ta yadda ɗaki ɗaya ya ɗauki duka biyun. Italiya ta fitar da su a Rum da ƙwallon Salvatore Schillaci. Sun kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe da ƙwallo biyu kacal, ba tare da sun ci wasa ko ɗaya a fili ba, a gasar da Kamaru ta Roger Milla ta kai wannan mataki da ƙwallo mai daɗin kallo. Ranar da suka sauka Dublin, dubban ɗaruruwan mutane suka cika tituna, kuma ranar ce Nelson Mandela ya iso birnin don karɓar lambar girmamawa. O'Herlihy ya samu kyautar Jacob's a kan aikinsa na wannan gasa.

Daga 1998 shirin ya samu wutsiya. 'Yan barkwanci uku, Barry Murphy da Risteárd Cooper da Gary Cooke, suka riƙa fitowa bayan an gama sharhi da wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Après Match, suna kwaikwayon mutanen da suka tashi daga kujerun yanzu-yanzu. Cooper ne ke yin Bill, da dariyarsa da "okey doke" ɗin da yake rufe magana da shi. Tashar da ke biyan kuɗi a yi wa manyan ma'aikatanta shaƙiyanci a kan allonta ta san abin da take da shi. Shi ma gogan bai ɗauka da zafi ba, har ya sa wa littafin tarihin rayuwarsa na 2012 sunan jimlar da yake sallamar masu kallo da ita, We'll Leave It There So.

Rikicin Saipan, tsibirin da tawagar ta yi sansani kafin kofin duniya na 2002, ya gwada ɗakin fiye da komai. Kyaftin Roy Keane, ɗan Cork kamar O'Herlihy, ya koka a jaridar Irish Times kan filin atisaye mai tauri da kayan horo da suka makara, koci Mick McCarthy ya tuhume shi a gaban 'yan wasa, aka yi baram-baram, aka sallame shi kwanaki kaɗan kafin wasan farko da Kamaru. Ƙasar ta rabu biyu, har cikin gidaje. Dunphy, wanda a lokacin yake rubuta wa Keane tarihin rayuwarsa, ya tsaya bayansa ba ja da baya, Giles da Brady suna ganin kyaftin ba ya barin kofin duniya ko mene ne dalili. Tsohuwar abotar Giles da Dunphy ta yi tsami na wani lokaci. O'Herlihy ne ya riƙe teburin bai kife ba. Tawagar ta yi 1-1 da Kamaru, 1-1 da Jamus, ta ci Saudiyya 3-0, Sifen ta fitar da ita a fenariti, kuma binciken da aka yi daga baya ya tabbatar da cewa hukumar ƙwallon ƙasar ta yi sakaci a shirye-shiryenta.

Akwai kuma inda mai tambaya ya yi shiru, kuma waiwaye ba zai cika ba in an tsallake. A Olamfik ɗin Atlanta na 1996 'yar ninƙaya Michelle Smith ta ci zinare uku da tagulla ɗaya tana da shekara 26, shekarun da yawancin masu ninƙaya ke ja da baya. Mijinta kuma kocinta, Erik de Bruin, ɗan wasan jifa ne na Holan da aka dakatar shekara huɗu kan ƙwayoyin ƙara kuzari. 'Yan jaridar ƙasashen waje suna ta tambaya, wasu ƙalilan na gida ma sun yi, suka sha zagi. A ɗakin RTÉ, inda likita kuma tsohon ɗan ninƙaya Gary O'Toole ke sharhi, ba a buɗe wannan babi ba. Smith ba ta faɗi gwaji a Atlanta ba, lambobinta suna hannunta, kuma ta musanta aikata laifi, amma a 1998 hukumar ninƙaya ta duniya ta dakatar da ita shekara huɗu kan gurɓata fitsarin gwaji. O'Herlihy ya amince daga baya cewa shirun bai yi masa daɗi ba. Tsoron shari'ar ɓata suna dalili ne na gaskiya, dokar Ayalan tana da tsauri a nan. Duk da haka, ɗakin da ya iya sukar Charlton ana tsakar biki ya kasa ko da sanar da mai kallo cewa ana tambaya a waje.

Ɗaya tabon ya fito ne daga sana'arsa ta biyu. Tun 1973 ya kafa kamfanin hulɗa da jama'a, wanda daga baya ya zama O'Herlihy Communications, kuma ta nan yake samun yawancin abincinsa. Yana cikin 'yan tsirarun mashawartan da suka gyara wa Garret FitzGerald na jam'iyyar Fine Gael hoto har ya zama firaminista a 1981 da 1982, waɗanda 'yan jarida suka laƙaba wa National Handlers. Siyasar da aka raba shi da ita a gaban kyamara ya same ta ta bayan gida, kuma a ɓangaren masu adawa da jam'iyyar da ta kafa masa kotu. Kamfanin nasa ya yi wa masu sana'ar taba sigari aiki, a ƙasar da ta riga kowace ƙasa hana shan taba a duk wuraren aiki a watan Maris na 2004. A 2013, shekarar da aka naɗa shi shugaban hukumar fina-finai ta ƙasa, ya bayyana cewa da hannunsa a ganawar da shugabannin kamfanonin taba suka yi da firaminista Enda Kenny, daidai lokacin da ministan lafiya ke neman a cire ado da tambari daga kwalin sigari. Ya kare kansa da cewa batun fasa-ƙwauri ne ya kai su. Likitoci da masu yaƙi da cutar daji ba su gamsu ba, ni ma ban ga yadda za su gamsu ba, balle daga mutumin da aka yi wa tiyatar zuciya a 1984, ya kuma yi jinyar daji a 2007. Da wani ne ya yi haka, O'Herlihy na 1969 da ya bi shi da kyamara.

Masu kallo dai ba su juya masa baya ba. A 2007 aka zaɓe shi gwarzon talabijin na shekara a bikin kyaututtukan fim da talabijin na IFTA. Shi ne a kujera daren Nuwamba na 2009 da Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu a Faris ya hana Ayalan zuwa Afirka ta Kudu, shi ne kuma a kujera lokacin da Katie Taylor ta ci zinaren dambe a Landan a 2012. Shekarun koci Giovanni Trapattoni sun dawo da tsohon musun zamanin Charlton, sakamako ko ƙwallo mai kyau, sai dai a wannan karo Brady ya yi shekara biyu a matsayin mataimakin kocin, don haka da ya dawo tebur yana kare maigidansa, Dunphy na kai hari, O'Herlihy na zuba musu itace. Ya riga ya sanar cewa gasar Birazil ce ta ƙarshe, kuma ranar 13 ga Yuli 2014, bayan Mario Götze ya ci wa Jamus kofi a kan Ajantina, ya yi sallama. Ya rasu a gidansa a Dublin ranar 25 ga Mayu 2015 yana da shekara 76, washegarin daren da ya halarci bikin IFTA.

Darragh Maloney ne ya gaje shi, mai gabatarwa nagari wanda ya fito daga sharhin wasa kai tsaye, ya kuma san ƙwallo sosai, don haka ba ya iya yin tambayar marar sani a yarda da shi. Teburin ya watse a hankali. Giles ya tafi bayan gasar Turai ta 2016, Dunphy bayan kofin duniya na 2018 yana ƙorafin cewa tashar ta koma tsoron magana, Brady a 2023. Sababbin masu sharhi sun fi su iya aiki da allon nazari da alƙaluma, sun kuma fi kusa da 'yan wasan da suke magana a kansu, wanda ke sa harshe ya yi nauyi. Kuɗin sayen haƙƙin nuna wasa ma ya fi ƙarfin RTÉ a wurare da dama, tun 2013 ta daina nuna taƙaitattun wasannin Firimiya na daren Asabar. Doguwar gardamar ta koma intanet, inda Dunphy ya buɗe shirinsa na sauti, The Stand, a 2016, yana kiran Giles da Brady ta waya, a wannan karo shi ne mai yin tambayar.